Kare Kai a Musulunci: Inda Haƙƙin Ya Fara da Inda Ya Tsaya

A watan Yunin 2022 gwamnatin Jihar Zamfara ta fitar da sanarwa cewa duk wanda ya cancanta ya nemi lasisi ya mallaki bindiga don kare kansa, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Kafin nan gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya faɗi makamancin haka a 2021. Tun a Nuwamban 2014 ma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu daga Boko Haram, kada su zauna jiran sojoji. Babban hafsan tsaron ƙasa na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya mayar wa Zamfara martani cewa gwamna ba shi da wannan hurumi, lauyoyi kuma suka yi ta ja-in-ja a kan abin da doka ta ce.

Manomin da ƙarar babura ke hana shi runtsawa a Maru ko Batsari ko Sabon Birni yana da tasa tambayar, kuma limamin garinsu yake kai wa: Malam, idan na harbi wanda ya zo ɗaukar iyalina ya mutu, me zan tarar a wurin Allah? Akwai kuma tambaya ta biyu, wadda ba a cika kai wa malam ba, an fi yanke ta a dandali tsakanin samari bayan an dawo daga maƙabarta: tunda sun kashe mana mutane sun shige daji, za mu iya bin sawu mu faɗa wa rugar da ke bakin rafi? Amsoshin waɗannan tambayoyi biyu a shari'a sun yi hannun riga. Abin da nake gani shi ne, jini mai yawa da ya kwarara a arewa maso yamma ya kwarara ne saboda an ɗauki amsar tambaya ta farko an ba tambaya ta biyu.

Amsar ta farko ba ta da duhu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya zo ya ce, ya Manzon Allah, idan wani ya zo yana son ƙwace dukiyata fa? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada ka ba shi. Ya ce idan ya yaƙe ni fa? Ya ce ka yaƙe shi. Ya ce idan ya kashe ni fa? Ya ce kai shahidi ne. Ya ce idan ni na kashe shi fa? Ya ce shi ɗan wuta ne. A hadisin Sa'idu ɗan Zaidu kuma an lissafa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa, ko iyalinsa, ko jininsa, ko addininsa, duk a cikin shahidai. Alƙur'ani kansa, a Suratus Shura, cikin siffofin muminai da ya yaba akwai cewa su ne waɗanda idan aka yi musu zalunci suke tashi su kare kansu. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, sun ɗauki yaƙar 'yan fashin da ke tare hanya a matsayin jihadi. Saboda haka mai wa'azin da zai je gaban mutanen da aka ƙone wa rumbuna ya ce musu addini haƙuri kawai ya sani, ya tauye musu abin da Allah Ya ba su, kuma ya tura su hannun wanda zai ba su fatawar da ta fi muni.

Sai dai malaman fiƙihu ba su bar wannan haƙƙi sakaka ba. Suna da babi na musamman a kan tunkuɗe mahari, kuma wanda ya yi karatun zaure har ya kai Mukhtasar na Shehu Khalil zai tuna yadda aka tsara shi: ya halatta ka tunkuɗe mai kawo maka hari bayan ka gargaɗe shi idan mai fahimtar magana ne, ko da a kan dukiya ne, kuma ya halatta ka nufi kashe shi idan ka san babu abin da zai tsayar da shi sai hakan. Idan kuwa kana da hanyar kauce masa ba tare da wahala ba, ko rauni ba a yarda ka yi masa ba. Wata ruwaya ta Nasa'i ta nuna daga ina wannan tsari ya fito. Mutum ya tambayi Annabi game da mai son ƙwace masa dukiya, ya ce ka tunatar da shi Allah. Idan bai ji ba, ka nemi taimakon Musulmin da ke kusa da kai. Idan babu, ka nemi taimakon hukuma. Mutumin ya ce idan hukuma ta yi mini nisa fa? Sai ya ce to ka yi yaƙi a kan dukiyarka har ka zama cikin shahidan lahira ko ka tsare dukiyarka. Wannan tambaya ta ƙarshe, idan hukuma ta yi nisa, kamar daga bakin mutumin Dansadau ta fito.

Ba wanda zai ce sai ka tsaya yi wa mai AK-47 nasiha alhali yana harbi a ƙofar gidanka. Malamai sun ce gargaɗin sai idan zai yiwu. Abin da ake nufi shi ne manufar ka tsayar da cuta, da mafi ƙarancin abin da zai tsayar da ita. Idan ihu da gangami za su kore shi ba a zuwa ga sara, idan sara zai tsayar da shi ba a zuwa ga kisa, idan kuwa sai da kisa to jininsa ya tafi a banza, babu ƙisasi babu diyya. A zamanin Annabi wani ya ciji hannun wani a faɗa, wanda aka ciza ya fizge hannunsa haƙorin mai cizon ya fita, suka kai ƙara, Annabi ya ce babu diyya. Ɓarnar da ta sami mahari a lokacin da ake tunkuɗe shi, shi ya jawo wa kansa. Malamai sun kuma bambanta tsakanin abin da ake karewa. Dukiya, mutum yana da zaɓi, yana iya sallama ta ya tsira da ransa, kuma ba laifi a kansa. Mutuncin mata da 'ya'ya kuwa mafi yawansu sun ce kare shi wajibi ne ga mai iko. Haka kai ɗauki ga maƙwabcin da aka faɗa wa. Garin da ya ji harbi a ƙauyen da ke kusa ya kulle ƙofa alhali yana da ikon taimako, akwai magana a kansa.

Duk wannan izini yana rataye ne da abu guda, wato harin da ke faruwa ko wanda ke dab da faruwa. Idan harin ya ƙare, izinin ya ƙare tare da shi. Wanda aka kama aka ɗaure ya daina zama mahari, ya zama wanda ake tuhuma. Wanda aka gani a kasuwa bayan kwana uku aka ce ai da shi aka zo, ko aka ce infoma ne, hukuncinsa ya koma na shaidu da alƙali. Ɗan'uwansa da matarsa da ɗan kabilarsu kuwa ba su taɓa shiga cikin izinin ba tun farko.

Labarin Usama ɗan Zaidu sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim. A tsakiyar yaƙi ya rutsa wani mayaƙi na abokan gaba, da mutumin ya ga mashi sai ya yi kalmar shahada, Usama ya soke shi. Hujjarsa mai ƙarfi ce a idon kowa: tsoron makami ne ya sa ya faɗa. Annabi ya ce ka tsaga zuciyarsa ne ka gani? Ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi burin ina ma a ranar ya musulunta. Wannan fa mutum ne da ke riƙe da makami a fagen fama jim kaɗan kafin nan.

Amma labarin da ya fi kama da halin da muke ciki shi ne na Amru ɗan Umayya, kuma ba a cika jin sa a kan mumbari ba. A shekara ta 4 bayan hijira aka yaudari sahabbai kusan 70, mahaddata Alƙur'ani, aka karkashe su a Rijiyar Ma'una. Annabi ya yi wata guda yana alƙunuti a kan waɗanda suka yi wannan aiki, abin da ke nuna yadda ya ji zafinsa. Amru na cikin 'yan ƙalilan da suka tsira. A hanyarsa ta komawa Madina ya haɗu da mutum biyu 'yan kabilar Banu Amir, kabilar jagoran maharan, ya bari suka yi barci ya kashe su, yana ganin ya rama wa 'yan'uwansa. Bai san cewa mutanen nan biyu suna da amana daga Annabi ba. Da ya iso ya ba da labari, Annabi ya ce ka kashe mutum biyu da dole in biya diyyarsu. Kuma ya tashi neman kuɗin diyyar. A duba lamarin da kyau. Mutum 70 aka kashe wa Musulmi da yaudara, wanda ya rama ya ga gawarwakin da idonsa, waɗanda ya kashe 'yan kabilar jagoran maharan ne, kuma ba Musulmi ba ne. Duk da haka ba a karɓi aikinsa a matsayin ramuwa ba, an lissafa shi a matsayin jinin da sai an biya.

Yanzu a ɗora wannan a kan abin da ya faru a Jihar Sakkwato a Oktoban 2021. 'Yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a Ƙaramar Hukumar Gwadabawa suka kashe Fulani 11, cikinsu har da wani limami. Ba a fagen artabu aka same su ba, cin kasuwa suka zo. Cikin 'yan kwanaki 'yan bindiga suka faɗa wa wasu kasuwanni a gabashin jihar, a ta Goronyo kaɗai gwamnati ta ce mutum 43 aka kashe, su ma masu saye da sayarwa ne da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kowane ɓangare ya ce ramuwa yake yi. Haka aka yi ta yi a Zamfara tun wajen 2011: satar shanu da fashi suka yi yawa, garuruwa suka kafa 'yan sa-kai, wasu daga cikin 'yan sa-kan suka koma yanka mutum a bainar jama'a bisa zargi, suna ƙone rugage, waɗanda aka yi wa haka wasunsu suka shiga daji suka haɗu da ɓarayin da ke can, suka sayi makaman da suka fi na kowa. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya lissafa mutum fiye da 6,000 da aka kashe daga 2011 zuwa 2019, da marayu fiye da 25,000. Ba ina wanke 'yan bindiga ba ne. Wanda ya ɗauki makami yana sace mata yana sa wa manoma haraji azzalumi ne, kuma abin da aka yi wa ubansa a kasuwa ba ya halatta masa jinin manomin da bai taɓa gani ba. Hukuncin nan ɗaya ne, yana hawa kansa kamar yadda yake hawa kan ɗan sa-kan da ya yanka makiyayi saboda kamanninsa.

Mu da kanmu mun san wannan hukunci sarai idan a kanmu abin ya faɗa. A ƙarshen Maris 2025 'yan banga da matasa a Uromi ta Jihar Edo suka tare motar mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, suka ga bindigogin farauta, suka ce masu garkuwa da mutane ne, suka kashe 16. Yankin na fama da garkuwa da mutane da gaske, kuma waɗanda suka yi kisan suna ganin garinsu suke karewa. Babu ɗan Arewa ɗaya da ya karɓi wannan uzuri, kuma daidai ne da ba a karɓa ba. To wanda ya ƙi uzurin mutanen Uromi ba shi da bakin karɓar irinsa daga 'yan sa-kan garinsu.

Ayoyin da suka rufe wannan ƙofa suna da yawa. Babu rai da ke ɗaukar laifin wani rai, kamar yadda ya zo a Suratul An'am da wasu surori. A Suratul Isra'i Allah Ya ce wanda aka kashe bisa zalunci an ba waliyyinsa iko, amma kada ya wuce iyaka a kisa, kuma masu tafsiri sun ce wuce iyakar ya haɗa da kashe wanda ba shi ne makashin ba, ko kashe biyu a madadin ɗaya, irin yadda Larabawan jahiliyya ke yi. A Suratul Ma'ida aka ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. A huɗubar bankwana kuma Annabi ya soke duk jinin gaba na jahiliyya, ya fara da na gidansu, jinin ɗan Rabi'a ɗan Harisu. Bahaushe na cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma yana faɗin haka ne da yabo. Shari'a ba ta yarda ramuwa ta fi gayya ko da ƙwayar zarra ba, ayar Suratun Nahli ta ce idan za ku rama ku rama da kwatankwacin abin da aka yi muku, kuma haƙuri ya fi alheri.

Ko wannan kwatankwacin ma ba a hannun kowa yake ba. Imam Ƙurɗubi ya ce babu saɓani cewa ƙisasin kisa shugabanni ne kaɗai ke tsayar da shi. Hukuncin 'yan fashi a Suratul Ma'ida, aya ta 33, yana cikin mafi tsanani a shari'a: kisa, ko tsirewa, ko yanke hannu da ƙafa a saɓa, ko kora daga ƙasa. Risala, wadda almajirai ke karantawa a kowane zaure, ta ce ɗan fashi babu afuwa a kansa idan aka kama shi, kuma ana kashe taron 'yan fashi saboda rai ɗaya ko da ɗayansu ne ya yi kisan. Wato addini bai sassauta wa 'yan bindiga ba ko kaɗan. Tsananin hukuncin ne ma ya sa aka ɗaure shi da alƙali da shaidu, don kada wanda ke da jiƙaƙƙiya da maƙwabcinsa a kan gona ko mace ya nuna shi ya ce infoma ne a yanka shi kafin la'asar. Wannan kuwa ya faru a garuruwa da yawa.

Yaƙi shi ma haka yake, ya ma fi nisa daga hannun ɗaiɗaikun mutane. Shekara 13 Annabi ya yi a Makka ana azabtar da mabiyansa, aka kashe Sumayya da mijinta Yasir, umarnin da aka ba su shi ne su kame hannuwansu su tsai da salla. Sai da aka yi hijira, aka sami gari da shugaba da yarjejeniya da maƙwabta, sannan izini ya sauka a Suratul Hajji, kuma ayar ta faɗi dalili: an yi izini ga waɗanda ake yaƙa saboda an zalunce su. Ayar da ke biye ta ce an fitar da su daga gidajensu, kuma ba don Allah Yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba, da an rushe ɗakunan ibadar ruhubanawa da coci-coci da majami'un Yahudawa da masallatai. Suratul Baƙara ta ce ku yaƙi waɗanda ke yaƙarku kada ku ƙetare iyaka. Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba ku yi musu adalci. Ayar Suratut Tauba da masu tsattsauran ra'ayi ke yawan jawowa, wadda ke cewa a kashe mushirikai duk inda aka same su, ayar da ke gabanta ta cire waɗanda suka cika alkawari, wadda ke bayanta kuma ta ce idan wani mushiriki ya nemi mafaka a ba shi, a kuma kai shi inda zai aminta.

Gaskiya ne malaman farko sun yi maganar yaƙin da Musulmi ke fita su fara, a zamanin da dauloli ke zaune cikin yaƙi da juna sai in an ƙulla sulhu. Ɓoye wannan ba ya taimakon kowa. Amma ko a can sun ɗora shi a hannun shugaba, sun haramta shi a kan wanda ke da alkawari, kuma sun kewaye shi da dokoki irin waɗanda Abubakar Siddiƙu ya ba rundunar da ya tura Sham, kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gini, kada a yanka dabba sai don ci, a bar masu ibada a ɗakunan ibadarsu. Kiristan da muke zaune gari ɗaya da shi ƙarƙashin doka ɗaya mai alkawari ne, kuma Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya kashe mai alkawari ba zai ji ƙamshin aljanna ba. A tarihinmu ma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara 30 yana wa'azi kafin 1804, da abin ya tsananta hijira ya fara yi zuwa Gudu, jama'a suka yi masa mubaya'a, sannan aka gwabza a Tabkin Kwatto da rundunar Gobir da ta taso musu. Duk da haka ƙanensa Abdullahi ya bar runduna ya nufi Kano saboda abin da ya gani na son duniya a tsakanin mayaƙa, Shehu Aminu Elkanemi na Barno kuma ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana tambayar da wace hujja ake yaƙar masu salla.

Idan aka auna Boko Haram da wannan ma'auni babu abin da zai rage mata. Mutanen da suka tayar da bam suka buɗe wuta a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014 suka kashe masallata fiye da 100, waɗanda suka kashe Sheikh Albani Zariya da matarsa da ɗansa a Fabrairun shekarar, waɗanda suka yanka ɗalibai a Buni Yadi, siffarsu ita ce wadda Annabi ya faɗa game da Khawarijawa, masu kashe ma'abota Musulunci. Matasan Maiduguri da suka tashi da gora a 2013 suka taimaka aka fitar da su daga unguwanni sun yi abin da shari'a ta yarda da shi, kuma abin da ya ba aikinsu ƙarfi shi ne sun yi shi tare da hukuma. Inda wasunsu suka wuce gona da iri a kan waɗanda aka kama, nan ma hukuncin bai canza ba.

A nan ne magana ke komawa kan hukuma, kuma nauyinta ya fi na kowa. Shari'a ta karɓe ƙisasi da haddi da yaƙi daga hannun talaka ta danƙa wa shugaba ne don shugaba ya tsayar da su. Tsarin mulkin 1999 ma ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Hujjar da 'yan sa-kai suka fi kafawa ita ce: mun sha kama ɓarawo mu miƙa, bayan mako biyu mu gan shi a gari, ya dawo ya kashe wanda ya kama shi. Wannan ƙorafi ba ƙarya ba ne, kuma malamin da ya yi kamar bai ji shi ba ba za a saurare shi ba. Ba ya halatta kisan wanda ake zargi, domin gazawar alƙali ba ta mayar da mai ƙara alƙali, amma yana ɗora zunubi mai nauyi a kan duk jami'in da ya karɓi kuɗi ya saki mai laifi. Abin takaici ne a ce Zamfara, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, ita ce inda shari'ar manyan 'yan bindiga a gaban kotu ta zama abin da ba kasafai ake gani ba. Ko a inda mutane suka kare kansu ta hanyar da ta dace, rashin hukuma a kusa kan mayar da nasararsu musiba. A Unguwar Mantau ta Ƙaramar Hukumar Malumfashi, a Agustan 2025, 'yan bindiga sun harbe gomman masallata a sallar asuba, kuma gwamnatin Katsina ta ce ramuwa ce saboda mutanen garin sun yi musu kwanton ɓauna kwanaki kaɗan kafin nan. Mutanen sun yi nasu, wanda ya kamata ya tsaya musu bayan nan ne ba ya wurin.

Sulhu ma yana da ƙa'ida. Alƙur'ani ya ce idan suka karkata ga zaman lafiya kai ma ka karkata, Annabi kuma ya karɓi sharuɗɗa masu ɗaci a Hudaibiyya a shekara ta 6 don a daina zubar da jini. Ƙauyen da ya yi sulhu ko ya biya kuɗi don a bar shi ya yi noma, alhali babu mai kare shi, tilas ce ta sa, ba wanda ya isa ya zarge shi. Amma sulhun da hukuma ke ƙullawa sai an duba shi da ayar da ta biyo bayan ta 'yan fashi, wadda ta yi togaciya ga waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu. A fiƙihun Malikiyya wanda ya zo da tuba ana sauke masa haƙƙin Allah, wato haddin fashi, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a kansa. Tuba kuwa tana nufin ajiye makami. An yi sulhu a Katsina a 2016 da 2019, an yi a Zamfara a 2019, duk suka rushe, a 2025 kuma an ga tarukan sulhu a wasu ƙananan hukumomin Katsina inda 'yan bindiga suka halarta rataye da makamansu suka koma da su. Gwamna ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba. Marayu da matan da aka kashe wa mazaje su ke da wannan haƙƙi, kuma ba a cika gayyatar su wurin zaman ba.

Kafa rundunonin jiha irin ta sa-ido ta Katsina a Oktoban 2023 da Askarawan Zamfara a Janairun 2024 mataki ne da ya fi kusa da abin da shari'a ke so, domin yana mayar da makami ƙarƙashin shugaba mai suna da za a iya tuhuma. Sai dai kaki ba ya halatta abin da yake haram. Kisan da aka yi wa Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da shari'a ba yana cikin abin da ya rura wutar da ta biyo baya, jirgin soja kuma ya kashe masu Mauludi fiye da 80 a Tudun Biri a Disamban 2023. Lokacin da Khalid ɗan Walid, babban kwamandan Musulmi, ya kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta, Annabi ya ɗaga hannu ya ce ya Allah ina barranta zuwa gare Ka daga abin da Khalid ya yi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, masu tarihi kuma suka ce ya aiki Aliyu ɗan Abu Ɗalib da dukiya ya biya diyya. Wannan shi ne abin da ya kamata majalisun malamai da kwamitocin shari'a na jihohin nan su nema a rubuce cikin dokar kowace runduna: wanda askarawa ko 'yan sa-kai ko sojoji suka kashe ba bisa haƙƙi ba, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Kirista, a bincika a fili, a faɗi sunan wanda ya yi, a gurfanar da shi idan ganganci ne, gwamnati kuma ta biya iyalan mamacin diyya cikakkiya daga baitulmalin jiha.